Ba bayan bautar ƙasa ake tsara makomar yaro ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na matasa na daren Asabar tun daga sallama har rufewa, kuma na kashe rediyon raina a ɓace. Awa guda cur baƙonku yana bayanin yadda matashi zai tsara wa kansa aikin da zai yi nan gaba, amma zancensa bai wuce yadda ake rubuta takardar neman aiki, da kayan da ake sawa a je intabiyu, da yadda za a yi tattalin alawus ɗin bautar ƙasa ba. Da wa yake magana? Da wanda ya riga ya gama jami'a. Wannan ai ihu ne bayan hari. Ko sau ɗaya bai ambaci aji 3 na ƙaramar sakandare ba, mai gabatarwa ma bai tuna masa ba, alhali daga nan ne ake yanke wa yaranmu hukunci suna 'yan shekara 14 ko 15, ba su sani ba, mu iyayensu ma ba mu sani ba.

Ni tela ne, bokona bai wuce firamare ba. 'Yata ta fari tun tasowarta ba ta da buri sai aikin jinya. Ita ta zauna da kakarta a asibiti lokacin dogon hutu, ta haddace sunan kowane magani da lokacin shansa, har wata nas a ɗakin take ce mata, “Ƙanwata, yi karatu ki zo ki karɓe mu.” Da ta shiga babbar sakandare, a makon farko ta dawo ta same ni a shago ta ce, “Baba, an sa ni ajin at.” Na ce mene ne kuma at? Ta ce malami ne ya tsaya a bakin ƙofa da takarda yana kiran suna, da kujerun ajin kimiyya suka cika sai ya ce sauran su wuce aji na gaba. Ba wanda ya tambaye ta me take so ta zama. Ina tsakiyar ɗinkin makaranta a lokacin, aiki ya yi mini yawa, na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ci gaba da taka keke. Wallahi a zatona bambancin ɗaki ne kawai, ban san cewa at shi ne ɓangaren su adabi da tarihi ba.

Shekara 3 tana tashi da asuba tana karatu. Sakamakon NECO ya fito da kiredit 7, muka yi murna, uwarta har sadakar ƙosai ta yi. Na rufe shago na kai ta shagon intanet don mu cike fom ɗin makarantar koyon aikin jinya. Yaron da ke kan kwamfutar ya karɓi takardar ya duba, ya sake dubawa, ya ɗago kai ya ce, “Baba, ina fizis da kemistiri?” A bakinsa na fara jin cewa jinya da ungozomanci sai da kiredit 5, a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji. Ita bayoloji kaɗai aka koya mata daga cikin ukun ƙarshe. Ta ninke takardar ta sa cikin hijabi. Daga nan har muka sauka daga adaidaita sahu a ƙofar gida ba ta ce uffan ba, kuma ranar ba ta ci tuwon dare ba.

Ban haƙura ba. Na sayar da keken ɗinki guda na biya mai lesin, na yi mata rajistar jarabawar 'yan waje sau 2. Amma abin da wasu suka koya cikin shekara 3 da ɗakin gwaje-gwaje, ita ana so ta haɗiye shi cikin 'yan watanni a zauren wani, ba ta taɓa riƙe ko kwalbar gwaji ba. Kemistiri ya zo a karo na biyu, fizis ya ƙi. Yanzu tana kwalejin ilimi tana NCE. Koyarwa aiki ne mai daraja, ban raina shi ba, amma ba shi ta zaɓa ba, ƙarancin kujera ne ya zaɓa mata. Kuma kullum a wannan tashar taku ake kukan cewa matanmu suna zuwa haihuwa ba su samun mace 'yar'uwarsu da za ta duba su. To ga wadda ta so aikin da zuciya ɗaya, an tare ta tun a bakin ƙofar aji.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sai daga baya na ji cewa a nan Kano akwai makarantun kimiyya na musamman, irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977, da ta 'yan mata a Garko, kuma daga aji 3 na ƙaramar sakandare ake zana jarabawar shigarsu. Da na sani a kan lokaci, da ko bashi na ci na saya mata fom. Wa zai gaya wa tela wannan in ba rediyo ba? 'Ya'yan ma'aikata a gida suke jin irin wannan bayani, wajen cin abinci. Mu kuwa ku ne makarantarmu.

Baƙon naku ya yi ta maimaita cewa kowa ya bi abin da zuciyarsa take so. Zuciya ba ta cike fom ɗin JAMB. Darussa 4 ake zaɓa, Turanci dole, sauran 3 kuma kwas ɗin da kake nema ne yake yanke su. Mai son likitanci sai fizis da kemistiri da bayoloji. Mai son injiniya sai lissafi da fizis da kemistiri. Ɗan maƙwabcina lauya yake so ya zama, bakinsa kamar reza, amma makarantarsu ba malamin adabin Turanci, sai aka cire darasin baki ɗaya, ga shi yawancin jami'o'i ba sa ba da gurbin karatun lauya sai da shi. Yana nan yana sayar da katin waya a bakin titi. Wannan bayani ko minti 5 ba zai ci ba a shirinku, amma ba a yi shi ba.

An ce tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka tanadi malamin ba da shawara a makarantu. A makarantar 'yata na ga ƙofar ofishin da idona, da allo a sama. Na leƙa ta taga, karyayyun kujeru ne jibge har rufi. Me ya hana ku tura wakilinku ya zaga makarantun gwamnati ya ga ofis nawa ne ke da mutum a ciki? Haka nan ba a ce komai ba kan kwalejojin fasaha da jarabawar NABTEB ta masu koyon sana'o'in hannu da kasuwanci. Yara 4 ke koyon ɗinki a shagona, biyu daga cikinsu hannunsu ya fi kansu kaifi, da an nuna musu wannan hanya da wuri da sun fito da sana'a da takardar shaida tare.

Ina roƙonku ku sake shirin kafin ƙarshen zango na 3, lokacin da 'yan aji 3 ke shirin jarabawa. Ku kawo malamin sakandare wanda ya san alli, ya karanto da Hausa darasin da kowane aiki yake bukata, ɗaya bayan ɗaya, a hankali yadda uwa a tsakar gida za ta iya sa a rubuta mata. Ƙanwar 'yar tawa tana aji 2 yanzu, ita ma ta fara zancen asibiti.

Sannan don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirin. Sau 3 aka katse baƙon a daren, ana ambaton abubuwan da ba su dace yaro ya ji ba. Na tara 'ya'yana mata don su saurara su ƙaru, sai ga ni ina lalubar maɓallin rage murya a gabansu. In ba za a daina ba, a mayar da shi bayan ƙarfe 11 na dare.

Mai sauraronku,
wani tela daga Fagge, Kano