Ba Duk Ciwon Ƙirji Ne Olsa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin jan hankalin jama'a kan wata ɗabi'a da ke cin rayuka. Da zarar magidanci ya dafe ƙirji, sai a ce "olsarsa ce ta motsa", a aiki yaro kemis, alhali ciwon na iya zama na zuciya.

Zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyinta da ke ciyar da ita da jini. Kitse kan taru a bangon jijiyoyin nan shekara da shekaru, musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga da mai shan taba. Idan hanya ta ƙuntata, mutum zai ji nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora masa buhun gero, galibi lokacin hawa bene ko sauri don samun jam'i. In ya huta kamar minti biyar sai ya lafa. Wannan gargaɗi ne, na ganin likita ne a makon nan.

Idan kuwa gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya, hutu ba ya magani. Ciwon zai wuce minti 15, ya sauka hannun hagu, muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, ga sarƙewar numfashi, ga tashin zuciya. Tashin zuciyar nan shi ke ruɗin mutane su kama sunan olsa. Mata, tsofaffi da masu suga ma wani lokaci haki da kasala kaɗai suke ji.

A nan ba a tsayawa shafa man zafi. A zaunar da marar lafiyar, ya tauna asfirin miligiram 300, sai dai in jikinsa ba ya karɓarsa ko yana da gyambon ciki mai zubar jini. A garzaya da shi asibitin da ke da na'urar ECG, wato ta duba bugun zuciya, kuma kada ya tuƙa mota da kansa. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta dawowa.

Ƙwannafi da olsa ƙuna suke yi a ƙahon zuci, suna bin yunwa ko cin abinci. Ciwon da ke ƙaruwa in an danna wurin da yatsa yawanci na tsoka ne. Wanda ke suka in an ja numfashi, da zazzaɓi, huhu ake dubawa. Tarin da ya wuce mako 2 a yi gwajin tarin fuka.

Masu jego na da nasu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da tarin matasai, asibiti take buƙata.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Wanda awon jininsa ke kai 140/90 ya sha maganinsa kullum, ko ba ya jin komai.

Naku,
Wani likita, Kano