Wasiƙa zuwa ga Bashir: kafin ka biya kuɗin baranda, leƙa banɗaki

Landan,
9 ga Oktoba.

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da uwargida da yara. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara leƙowa, rana kuma tun ƙarfe shida take haramar faɗuwa.

Saƙonka na murya ya iso, sau biyu na saurare shi. Na ƙi kiranka da gangan, don na san mu, da mun fara magana hirar ƙwallo za ta cinye komai. Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya ta kai Hajiya yawon shaƙatawa a jirgin ruwa daga Dubai. Lokacin ma ka zaɓa daidai, domin jiragen yankin a watannin sanyi suke aiki, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, suna tashi daga tashar Mina Rashid su leƙa Abu Dhabi da Doha, wasu har Bahrain ko Maskat. Sai dai duk tambayoyinka a kan baranda suke: ko ana ganin teku daga kan gado, ko hawa na nawa ya fi kyan kallo. Ban ji ka tambayi banɗaki ba. Ni ma ban tambaya ba lokacin da muka yi namu bara, kuma jiki magayi.

Kwana bakwai muka yi a Bahar Rum. Daga Barcelona muka tashi, muka bi ta Marseille da Genoa da tashar da ake sauka a shiga Rum, muka zagayo. Na ƙara kuɗi masu kauri na kama ɗaki mai baranda, ina ta yi wa Zainab alfahari. Da muka shiga, ɗakin bai ba ni kunya ba, ga gado, ga kujera, ga teku shimfiɗe har iya ganinka. Sai na buɗe wata ƙofa da na ɗauka ta wurin rataye kaya ce. Malam, banɗakin ke nan. Ya fi na jirgin sama, amma ba da nisa ba. Idan na tsaya a tsakiya na buɗe hannuwa, ina taɓa bango biyu. Masai a gefe, kwamin wanke hannu a gabansa, sai wani lungu da aka zagaye da labule aka ce wurin wanka ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai na gano shi ne a kwana na uku, da wani ɗan Sudan da muka saba da shi a wurin cin abinci ya gayyace ni ɗakinsa shan shayi. Nasa ɗakin na can ciki ne, ko taga babu, kuɗinsa bai kai nawa ba ko kusa. Na nemi izinin shiga banɗakinsa, sai na tarar da nawa sak, har inda aka ɗora sabulu. Dalilin kuwa a wurin ƙira yake. Manyan jiragen nan a wurare ƙalilan ake ƙera su, irin su Saint-Nazaire a Faransa, Papenburg a Jamus, Turku a Finland da Monfalcone a Italiya, kuma ba a cikin jirgin ake gina ɗakunan ba. A masana'anta ake haɗa kowane ɗaki da banɗakinsa da wayoyinsa da bututunsa, a ɗauko shi kamar akwati a zura a gurbinsa. Ɗaruruwan ɗakuna, banɗaki iri ɗaya. Don haka kuɗin da ka ƙara daga ɗakin ciki zuwa mai taga zuwa mai baranda, haske da iska ka saya, banɗaki yana nan yadda yake. Sai ka haura zuwa manyan ɗakunan alfarma kafin ya canja. Kuma idan ka ga an rubuta faɗin ɗaki, a ce murabba'in mita 16 ko 18, ka sani da banɗakin aka auna, wani kamfanin ma har da barandar.

Bature zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, sau nawa mutum yake shiga? Shi ya yi wanka da safe ya fice. Mu kuwa sau biyar a yini muna komawa ga ruwa, ban da tsarki. A nan gizo yake saƙar.

Bari in ba ka labarin alwalata ta farko. Daren da muka bar Barcelona muka doshi Marseille, akwai iskar da take sauko wa wannan yankin daga tudun Faransa, suna ce mata mistral, ranar kuwa ta zo da ƙarfinta. Na tashi da asuba, na wanke hannu, na wanke fuska, komai lafiya. Da na zo ƙafa sai na yi irin ta ofis, na ɗaga ta dama na saka a kwamin wanke hannu, na tsaya da ɗaya kamar zalɓe. Daidai nan jirgin ya karkata. Ban faɗi ba, don babu ma filin faɗuwa, amma goshina ya gaisa da kantar gilashin da ke gefen madubi, man goge baki da turaren Zainab suka zube cikin kwamin. Ta farka tana salati, ta ɗauka jirgin ne ya daki wani abu. Kwana biyu ina yawo da ƙulu a goshi, ɗan Sudan ɗin nan yana tsokanata wai tabon salla ne ya fito mini dare ɗaya.

Daga ranar na koma wanke ƙafa a wurin wanka. Kan shawar mai tiyo ne, ana ciro shi a riƙe a hannu, sai ka dafa bango ka wanke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ka tambaya kafin ka biya: kan shawar ana cire shi, ko a kafe yake? Bismilla kuwa a zuci nake yin ta, tunda masai na nan kusa da gwiwata. Da rana idan muna yawo a gari, huffi ya taimake ni ƙwarai, ka sa shi a cikin kayanka.

Buta, ka taho da taka. A jirginmu babu ɗan tiyon tsarki irin wanda ka saba gani a otal-otal ɗin Dubai da Makka, kuma kada tashin jirgi daga ƙasar Larabawa ya ruɗe ka, yawancinsu na kamfanonin Turai ne da suke zuwa cin kasuwar sanyi su koma. Ka rubuta musu ka tambaya. Akwai kuma jirgin Saudiyya mai suna Aroya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya a cikinsa kuma akwai wurin salla, ka duba shi ma ka kwatanta. Mu da gorar ruwa muka yi dabara har muka dawo, Zainab ba ta daina yi mini gori ba, don ta ce mu ɗauki buta na ce za ta cika jaka.

Shi kansa masan sai an yi wa Hajiya bayaninsa tun kafin ta shiga, kada ya firgita ta. Ba da yawan ruwa yake kora ba, iska ce take zuƙewa, ruwan da yake sha a kora ɗaya bai wuce kimanin lita guda ba. Idan ka danna, sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ɗakin. A rufe murfin tukuna a danna, kuma ba a dannawa ana zaune. Bututunsa siriri ne, ɗakuna da yawa suke tarayya a layi ɗaya, shi ya sa ban da takardar da suka ajiye ba a jefa komai. Wani a layinmu ya jefa tsumman goge jarirai, mu da ba mu ci ba ba mu sha ba muka yi rabin yini sai dai mu hau sama neman banɗakin jama'a. Ka ja wa yaranka kunne sosai.

Labulen wankan nan ma abokin gaba ne. Da ruwan zafi ya fara zuba sai ya taso ya manne maka a jiki, kana ture shi yana dawowa, ruwa kuma yana bi ta ƙarƙashinsa ya jiƙa ƙasa duka. Ga mai kiyaye tsarki wannan abin damuwa ne, domin ka rasa wane ruwa ne wanne. Silifas ɗin roba guda muka ware wa banɗaki, ba ya fitowa. Sababbin jirage da yawa sun koma ƙofar gilashi mai lanƙwasa, ta fi tsare ruwa, sai dai mai jiki irinka (kada ka ce na zage ka, na ga hoton salla) idan sabulu ya suɓuce masa, sai ya buɗe ƙofa kafin ya iya sunkuyawa. Ni daga baya na gano wuraren wanka na ɗakin motsa jiki a hawa na sama, masu faɗi, da tawul a jibge, babu wanda ya karɓi ko sisi a hannuna. Can na koma wankan safe na bar wa Zainab na ɗaki, rigimar waye zai fara shiga ta mutu.

Sauran ƙananan dabaru ba sa buƙatar dogon bayani. Bangon ɗakin ƙarfe ne, ƙugiyoyi masu maganaɗisu suna kama shi, a nan muka rataye hula da carbi da jakar kayan wanka. Akwai 'yar igiyar shanya da ake jawowa a wurin wanka, ta isa safa da singileti. Kayan shafa a bar su a teburin madubi na ɗaki. Dutsen guga kada ka wahalar da kanka, a bakin shiga za su karɓe shi saboda tsoron gobara.

Yanzu maganar Hajiya, wadda saboda ita na zauna rubutun nan. Ƙasan banɗakin ya fi na ɗaki tudu, saboda bututun da suka bi ta ƙarƙashi, don haka akwai ɗan dakali a bakin ƙofa da sai ka ɗaga ƙafa. Da rana ba komai ba ne. Da tsakar dare, cikin magagin barci, jirgi yana rangaji, ni mai lafiyar ƙafa sau biyu ina tuntuɓe da shi. Ka tuna gwiwar da ta sa Hajiya take salla a kan kujera. Na san abin da za ka ce, ai ta yi Mina ta yi Arfa ba ta koka ba. Gaskiya ne, amma shekara nawa ke nan, kuma ƙasar Mina ba ta motsi.

Jiragen nan suna da ɗakunan da aka tanada don masu lalurar tafiya. Ƙofarsu ta fi faɗi don keken guragu ya shige, babu dakali, wurin wankan a shafe yake da ƙasa, da kujerar da ake saukewa daga bango a zauna, da ƙarafan dafawa ta ko'ina. A zaune za ta yi wanka, a zaune za ta yi alwala. Ɗakunan kaɗan ne kuma da wuri suke ƙarewa, za su kuma ba ka takarda ka cike ka bayyana lalurar, wannan kuwa ba ƙarya za ka yi ba, haƙƙinta ne. Ka nemi wanda yake tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne rangaji ya fi sauƙi, kuma kusa da lif. In wanda ya rage ba shi da baranda, ka karɓa hannu bibbiyu. Teku ba ya ƙarewa, duk inda ta zauna a saman jirgin za ta gan shi har ta gaji.

Ku kuma da yara uku, kada ka yarda a cusa ku ɗaki ɗaya don an ce gado yana saukowa daga rufi. Gadon zai sauko, banɗakin ba zai haihu ba. Ɗakuna biyu na ciki masu ƙofa a tsakani sun fi muku mai baranda guda, ka lissafa kuɗin ka gani, wani lokacin tazarar ba ta da yawa. Kafin ka biya, ka nemi bidiyon da matafiya suka ɗauka na irin ɗakin a YouTube, ka rubuta sunan jirgin da lambar ɗakin. Hotunan kamfani da wata irin kyamara ake ɗaukarsu mai mayar da akurki fada.

Idan wakilin tafiyar ya turo maka lambobin ɗakunan da suka rage, ka tura mini mu duba taswirar jirgin tare ranar Asabar bayan la'asar ɗinku. Ƙugiyoyin maganaɗisun suna nan guda shida, zan ba ƙanin Zainab ya taho maka da su ƙarshen wata. Buta kuwa ka fi ni kusa da kasuwa.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ɗanta na Landan yana neman addu'a. Zainab tana gaida uwargida, ta ce yajin da aka aiko ya kusa ƙarewa.

Naka har kullum,
Aminu