Tarihin Jiragen Ruwan Girka Ya Wuce Labarin Onassis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan shirin da kuka gabatar game da jiragen dakon kaya na ƙasar Girka. Shirin ya yi armashi, sai dai mafi yawansa ya tafi ne a kan dukiyar attajirai masu jiragen ruwa Aristotle Onassis da Stavros Niarchos, har mai sauraro zai zaci su biyun ne suka sa ƙasa mai mutane kimanin miliyan 10 ta mallaki kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin dakon jiragen ruwa na duniya.

Sana'ar ta girme su nesa ba kusa ba. Tsibirin Hidra, wanda duwatsu suka hana shi noma, ya buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi tun shekarar 1749, kuma har yau ana horar da matuƙa a can. Yarjejeniyar da Rasha da Daular Usmaniyya suka ƙulla a 1774 ta ba Girkawa damar yin fatauci a Bahar Aswad ƙarƙashin tutar Rasha, suka yi arziki da dakon alkama, sannan da yaƙin neman 'yancin Girka daga Daular Usmaniyya ya tashi a 1821, jiragen fataken tsibiran Hidra da Sifetses da Fisara ne aka ɗora wa igwa. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye mafi yawan jiragensu, amma da Amurka ta sayar musu da jirage 100 samfurin Liberty bayan yaƙin, ba su rasa masu tuƙa su ba, domin a tsibirai irin su Kiyos da Andros yaro kan gaji teku daga mahaifinsa kamar yadda ɗan maƙeri ke gadon ƙira.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda shirin ya tsallake batun kiyaye rayuka, alhali a nan ne Girkawa suka sha wuya. A watan Disamba na 1966 jirgin fasinja mai suna Heraklion ya taso daga tsibirin Kirit zuwa tashar Firayus cikin guguwa, wata babbar motar dakon lemo da ba a ɗaure ta da kyau ba ta yi ta bugun ƙofar shigar da kaya har ta ɓalle, ruwa ya kwararo, mutum fiye da 200 suka rasu. Bayan wannan musiba ne hukuma ta soma hana jiragen fasinja tashi idan iska ta yi tsanani. Duk da haka, a watan Satumba na 2000 jirgin Express Samina ya yi karo da duwatsu dab da tsibirin Faros, kuma bincike ya gano cewa yawancin ƙofofin ciki masu tare ruwa a buɗe aka bar su, abin da ya sa ya nutse cikin ƙanƙanin lokaci, mutum fiye da 80 suka rasu. A ganina, ba ƙarancin doka ne ya kashe waɗannan bayin Allah ba, sakaci ne na waɗanda aka koya wa dokar.

Ina roƙon ku ware wani shiri na musamman kan waɗannan haɗurra biyu, ku gayyato tsohon kyaftin ya bayyana wa masu sauraro yadda ake ɗaure kaya da raba aikin gadi a cikin jirgi.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Sabon Gari, Zariya.