Ciwon marar da ake cewa aure zai warkar

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da mu mata muka saba rufewa da bakin zane. Ni malamar makaranta ce a nan Tawa, ina koyar da kimiyyar halittu a kwaleji, kuma yaya ce ga wata baiwar Allah da ta shekara 13 tana jinyar ciwon mara da ba wanda ya faɗa mata sunansa, wato andometiriyoz.

Ƙanwata ta fara al'ada tana da shekara 14. Har gobe ina ganin ta kwance kan tabarma bayan ƙyauren ɗakin Inna, ta dunƙule gwiwa da haɓa, ta danna kwalbar ruwan zafi a mara har fatar ta yi tabo, gumi na keto mata a tsakiyar ɗarin Janairu. Ta yi amai, ta sha jiƙon kanwa, ta sake amai. Duk wata kwana uku ba ta zuwa lakkol. Shekarar da za ta yi birebe jarrabawar ta zo daidai da kwanakinta, ta faɗi, ba ta koma ba. Maganar kowa ɗaya ce: "Yi haƙuri, in kin yi aure zai daina." Ni ma da bakina na faɗa mata haka, Allah ya yafe mini.

An yi auren tana 19, ciwo ya ƙaru. Kwanciyar aure ta zame mata azaba, kuma sai da ta shekara biyu kafin ta iya gaya mini, cikin dare, idonta a ƙasa. Haihuwa ba ta zo ba. Dangin miji suka ce juya ce, wasu suka ce namijin dare ne, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka abin yankawa. Ta asibiti kuwa, duk inda ta je sai a ce sanyi ne, a rubuta mata antibiyotik. Na zauna na ƙirga ordonansin da ta tara cikin leda: sau bakwai ana ba ta maganin ciwon da ba shi gare ta ba. Ana cikin haka aka yi mata kishiya, kishiyar ta haihu shekarar farko.

Tana da shekara 27 muka hau mota muka yi Yamai, ta Konni da Dogondutsi da Doso, tana riƙe da ciki duk inda taya ta faɗa rami. Likitar da ta gan mu ba ta fara da na'ura ba. Tambaya ta yi: ciwon yana hana ki aiki? Yana zuwa wajen bayan gida ko fitsari lokacin al'ada? Yana zuwa wajen kwanciya da miji? Tun yaushe? Ƙanwata ta fashe da kuka, don ba a taɓa tambayar ta haka ba. Sai aka yi ekografi ta ƙasa, aka ga ƙunshin tsohon jini a gidan ƙwai na hagu. Likitar ta ce sunan ciwon andometiriyoz.

Ga yadda yake: wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajen mahaifa, kan gidan ƙwai, ko bututun mahaifa, ko hanji, ko mafitsara. Duk wata in al'ada ta zo shi ma yana kumbura ya yi jini, amma jinin ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya yi ta kumburi da tabo har kayan ciki su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na da shi, kimanin mata miliyan 190. Ajina guda yana da ƴan mata sun fi talatin. Malam Edita, yi lissafin da kanka.

Tun ranar nan nake bin labarin binciken da ake yi a kansa. Tun 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya ce jinin al'ada ne ke komawa baya ta bututu ya zuba cikin ciki, amma hakan na faruwa da yawancin mata, kuma ba duka ke kamuwa ba, don haka ana nan ana neman sauran dalilin. A 2023 masanan jami'ar Oxford da abokan aikinsu sun duba ƙwayoyin gadon mata wajen 60,000 masu ciwon, suka gano wurare 42 da ke da alaƙa da shi. Wato yana bin jini, kuma na tuna wata gwaggonmu da ta rasu ba ɗa ba jika, ana ce mata mai ciwon ciki. A shekarar dai masanan Nagoya ta Japan suka sami wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium a mahaifar mata da yawa masu ciwon, suka gwada antibiyotik a kan ɓeraye ya rage shi. A kan ɓeraye na ce. Kada wata ta ji wannan ta ruga wajen mai tallar magani a faranti. A Faransa kuma kamfanin Ziwig ya fito da gwajin yawu, Endotest, wanda gwamnatinsu ta fara biya wa wasu mata a 2025 don a ƙara auna ingancinsa. Kuɗinsa a lokacin wajen yuro 800, sama da jika 500 namu. Wace macen Adar ce za ta iya?

Abin da ya fi taɓa ni a duk wannan ba shi da tsada. A da sai an huda ciki an zura kyamara kafin a tabbatar da ciwon. A 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta sauya ƙa'ida: a saurari alamomin da mace ta faɗa, a yi ekografi ko IRM (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka), kuma ana iya fara magani ba sai an yi tiyata ba. Sun kuma ja kunne cewa ekografi ya fito lafiya ba ya nufin babu ciwon. To, kunne muna da shi, na'urar ekografi ma akwai ta a manyan asibitocinmu. Magungunan farko kuwa, bayan na rage zafi irin ibuprofen, su ne ƙwayoyin tazarar haihuwa da siterile mai sinadari da ake sawa cikin mahaifa, don suna kwantar da al'ada. Ba sa kashe ciwon, har yau ba a sami mai kashe shi ba, kuma ciki da haihuwa ma ba sa kashe shi. Amma suna iya mayar da yarinya aji.

A nan gizo ke saƙa. Uwar da za ta yarda a ba budurwarta ƙwayar tazarar haihuwa sai ta shirya wa bakin unguwa. Ina roƙon malamanmu masu wa'azi a gidajen rediyo su tambayi likitoci, su fahimta, su gaya wa iyaye cewa wannan magani ne kamar kowane.

Akwai kuma wani tsohon kuskure da ya daɗe cikin littattafan likitanci, wai ciwon na fararen mata ne masu jinkirin aure, baƙar mace kuwa in mararta na ciwo sanyi ne. Wannan kuskuren ne ya cika ledar ƙanwata da ordonansi. Binciken Oxford ɗin nan ma kusan duk matan cikinsa Turawa ne, sai ƴan Asiya kaɗan. Shi ya sa nake kira ga sashen likitanci na jami'ar Abdou Moumouni da likitocin asibitin haihuwa na Issaka Gazoby su sa ɗalibai su ƙirga namu matan, su kuma koya wa ungozomomin ƙananan asibitocinmu na CSI tambayoyin nan huɗu. Kai ma, Malam Edita, watan Maris ne watan wayar da kai a kan ciwon. Ka samo mana likitan mata ya amsa tambayoyi da Hausa a shafin nan.

An yi wa ƙanwata tiyata an cire ƙunshin. Tana shan wata ƙwaya, dienogest, da muke aikawa Yamai a sayo. Aurenta ya mutu kafin nan. Yanzu tana ɗinki a zauren gidanmu, kuma watan jiya ta yi kwana talatin cur kan keke ba ta kwanta ba.

A ajina akwai yarinyar da ke kifa kai kan tebur duk ƙarshen wata, leɓenta ya bushe. Na je gidansu na zauna da mahaifiyarta har la'asar ta yi sanyi. Ta ce sai ta shawarci baban yarinyar da ke bida a Abijan. Ya bugo waya shekaranjiya ya yarda, ranar Alhamis za mu kai ta.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Tawa