Wasiƙar makaranta: kacici-kacici da musun da yaranku ke kawo muku gida

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya tare da iyali. Allah Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar yaran nan.

A taron iyaye da malamai da ya gabata, wani uba ya miƙe ya ce ɗansa ya hana shi cin tuwon dare cikin natsuwa da musu a kan auduga da ƙarfe, yana son ya ji ko a makaranta ake koya musu wannan gardama. Alhaji, a nan ne, kuma da gangan muke yi. Ga yadda abin yake.

Tun farkon zangon nan, duk ranar Alhamis bayan sallar azahar, ɗaliban aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare kan zauna zaman kacici-kacici. Mukan buɗe da irin wanda muka taso da shi a dandali, a ce "ƙulin ƙulifita", su amsa da "gauta", sannan a shiga wanda sai an bi shi da hankali da lissafi. Sharaɗi guda muka ƙara. In an samo amsa ba a tashi, sai an tambaya: in aka fito da amsar nan fili aka gwada ta, za ta yi aiki kuwa? Nan ne darasin fiziks yake shigowa.

Na audugar, ga yadda aka yi. An tambaya, kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe wanne ya fi nauyi? Wani yaro ya ce ƙarfe, aji ya fashe da dariya, ai kilo kilo ne. A hankalce haka ne. Sai wata ɗaliba daga layin baya ta ce, "Malam, ba ka ce iska ma tana tallafar abu kamar yadda ruwa ke yi ba?" Gaskiyarta. Tun zamanin Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka san duk abin da ke cikin ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Iska ma haka take yi, kuma kowace lita ta iska nauyinta kusan giram 1.2 ne. Ƙarfen kilo ɗaya wurin da ya ci kusan ɗaya bisa takwas na lita ne, amma zaren audugar kilo ɗaya, ko an matse shi ƙam, yana cin wajen biyu bisa uku na lita. Ke nan iska ta fi rage wa auduga nauyi, sikeli mai tsananin gani zai nuna ƙarfe ya ɗan rinjaya. Ratar ba ta kai giram ɗaya ba, sikelin kasuwa ba zai ko motsa ba. Yaron da aka yi wa dariya ya fita yana murmushi, amma mun gaya masa a gaban kowa cewa amsarsa ta faɗa daidai ne da sa'a, dalilinsa bai yi ba. A wurinmu dalilin shi ne aikin.

Wanda ya fi ɗaukar lokaci shi ne na makunnai uku. Ƙwan lantarki guda a cikin ɗaki rufe, makunnai uku a waje, sau ɗaya tak za ka shiga, ya za ka gane makunnin ƙwan? Sanannar amsa ita ce ka kunna na farko ya jima, ka kashe, ka kunna na biyu ka shiga. In ƙwan na ci, na biyu ne. In a kashe yake amma da zafi, na farko ne. In da sanyi, na uku. Kowa ya gamsu, sai wani ya nuna ƙwan da ke saman ajin ya ce wannan ai ba ya zafi. Amsar an gina ta ne a kan tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take komawa. Ƙwan LED na yanzu gilashinsa da ƙyar yake ɗumi, gindinsa ne ke ɗan ɗaukar zafi. Malamin fiziks ya kawo duka biyun ya kunna su minti biyar a kan tebur, ya kashe, yara suka zo ɗaya bayan ɗaya suna kara bayan hannu kusa da su. Aka rabu gida biyu, wasu na cewa kacici-kacicin ya mutu, wasu na cewa da ransa muddin ka san inda za ka taɓa kuma hannunka ya kai. Ban raba musu gardamar ba, don kowane ɓangare ya kawo hujjar da za a iya gwadawa, kuma abin da nake nema ke nan.

Na san damuwar wasunku, kada yaro ya saba da ja-in-ja da manya. Muna tare da ku. A zaman nan ba a ɗaga murya, ba a katse mai magana, kuma wanda gwaji ya kayar da maganarsa da bakinsa yake cewa "na janye". Ina ganin yaron da ya iya faɗin haka ba tare da jin kunya ba ya samu tarbiyya, ba ilimi kaɗai ba. Sannan tambayoyin fiziks na WAEC da NECO ba hadda kawai suke nema ba, suna son yaro ya san me ya sa.

Akwai wanda za ku iya gwadawa tare a tsakar gida. Mutum na cikin kwale-kwale a tafki da ƙaton dutse, ya jefa dutsen cikin ruwa: ruwan tafkin zai ƙaru, ko ya ragu, ko ya tsaya? A zuba ruwa a bokiti, a ɗora kwanon silba da dutse a ciki, a yi alama da alli inda ruwan ya tsaya, sannan a cire dutsen a sake shi ƙasa. Za ku ga ruwan ya sauka. Yana cikin kwano, dutsen na ture ruwa gwargwadon nauyinsa. Da ya nutse, sai gwargwadon girmansa kawai. A nemi bokiti marar faɗi da dutse mai ɗan girma, don bambancin ya fito sosai.

Roƙonmu kada a bar yaro ya taɓa ƙwan lantarki ko waya a gida da sunan gwaji. Duk abin da ya shafi wuta a makaranta za a yi shi, gaban malami. In kuma akwai kaka ko kakan da ke da tsofaffin kacici-kacici, a rubuto mana ta hannun yaran.

Na makon gobe, ga shi ku ma ku taya su: mota rufaffiya cike da tantabaru tana kan sikeli, sai duk suka tashi suna firiya a cikinta. Nauyin motar zai ragu? A aiko da amsa tare da dalili kafin ranar Laraba.

Wassalamu alaikum.

Shugaban makaranta