Mutum Uku Na Ba Haya, Yanzu Goma Sha Ɗaya Ke Kwana

Assalamu alaikum Malam, ya ƙoƙari? Allah Ya ƙara basira. Jiya ban runtsa ba saboda maganar da aka yaɓa mini a tsakar gidana.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gida a Rikkos, nan Jos. Ni da marayu huɗu muna ɓangaren gaba, ciki da falo na baya kuma na sa haya, da kuɗin nake biya wa yara makaranta. Wanda ke ciki direba ne a tashar Bauchi Road. Ranar da ya tare, daga shi sai matarsa da jaririya.

Da rikicin Mangu ya ɓarke a 2023, ya zo ya durƙusa, ya ce zai ɗauko mahaifiyarsa da ƙannensa biyu, wata biyu kawai. Na ce haba, wa zai hana? Har bargo da katifar marigayi na ba su, ka san sanyin garin nan. Ban ƙara masa ko sisi ba, Allah ne shaidata. Daga nan sai ƙaninsa ya kawo mata da 'ya'ya, babu wanda ya ce mini ci kanki. Da safe kawai na ga takalma jere a ƙofa.

Masai ɗaya gare mu. 'Yata takan tsaya layi da buta har ta makara makaranta. Sau biyu ina kiran masu kwasa da kuɗina. Rijiya kuwa kafin azahar sai laka, katin wuta ba ya kai mako.

Jiya na ce a rage wanki, sai matar ƙanin, wadda ban ma san sunanta ba, ta ce ai sun biya haya, wai ba ni da imani, ina ƙyamar 'yan gudun hijira. Shi direban yana zaune yana danna waya, ko kai bai ɗaga ba. Ni da yake kira Mama!

Na manta ban faɗa maka ba, ba mu yi takarda ba. Limamin unguwa ne ya kawo shi, sai rasit kawai nake ba shi. Yayana ya ce tunda hayar shekara ce, sai na ba shi notis na wata shida, kuma idan na taɓa masa kaya ko na sa kwaɗo, ni za a kai kotu. To Malam, gidan nawa ne ko nasa? Ina da ikon cewa ƙanin da iyalinsa su fita shi ya zauna, ko in ƙara kuɗi?

Amma tsohuwar ce ke tsaya mini a rai. Ba ta da lafiya, kullum sai ta sa wa yarana albarka. Idan ta tashi saboda ni, alhakinta na kaina? Kuma dukiyar marayun nan da ke lalacewa, wa za a tambaya gobe ƙiyama?

Don Allah kada a ambaci sunana.

Uwar marayu, Rikkos, Jos.