Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Tambaya Daga Marwa: Muryar Mawaƙin Ce Ko Ta Na'ura?

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga tambayar da ka yi mini a bainar jama'a, kuma tun da a fili ka yi ta, ya dace amsar ma ta zo a fili. Ka turo guntun bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka da wayarsa a wajen wasan wani mawaƙin rock ɗan Turai wanda ya haura shekara saba'in, ka ce muryarsa ta fita tas kamar ta saurayi, babu rawa babu gargada, sannan akwai wurin da motsin bakinsa bai zo daidai da abin da ake ji ba. Sai ka tambaye ni, a matsayina na mai zama bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti da daidaita shi, a bukukuwa da wasanni a nan Garwa, ko muryarsa ce ta gaskiya ko kuwa na'ura ce ke yi masa aikin, kuma ko an cuci waɗanda suka sayi tikiti.

Cewa na'ura ta taɓa muryar, wannan ba abin musu ba ne, domin babu muryar ɗan Adam da za ta cika babban filin wasa, ta ratsa ƙarar ganguna da jita, ba tare da ta bi ta waya ba. Daga lokacin da mawaƙi ya kai makirufo bakinsa har sautin ya fito daga lasifika, muryar tana bi ta hannun injiniyan sauti, kuma kowane injiniya yana yi mata gyara. Yana rage mata kaurin da ke sa kalmomi su cakuɗe, ya ƙara mata kaifi domin a ji abin da ake faɗa. Akwai na'urar da ke danne muryar idan mawaƙi ya kurma ihu, sai a samu damar ɗaga ta gaba ɗaya, ta yadda raɗa da tsawa za su isa kunne kusan da ƙarfi ɗaya. Akwai kuma amsa-kuwwa da ake zuba mata don kada ta fito a bushe. Ni ma duk wannan ina yin sa ga mai waƙar biki, kai har mai wa'azi da mai sanarwa sukan samu rabonsu, kuma ban taɓa ɗaukar sa ha'inci ba. A yi wa amarya lalle da kwalliya daban, a kai wa ango wata yarinya a lulluɓe a ce ita ce amaryarsa daban. Abin da ya kamata mu bincika shi ne ko muryar da ake ji tana fitowa daga maƙogwaron mutumin a daidai wannan lokacin.

Na'urar da mutane suka fi zargi ita ce Auto-Tune, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Wani Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand ne ya ƙirƙiro ta, mutumin da ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon yana nazarin yadda sauti ke ratsa ƙarƙashin ƙasa, kuma kamfaninsa na Antares ya fitar da ita kasuwa a 1997. Duniya ta san amonta a 1998, lokacin da aka matse ta har ƙarshe a wata waƙar Cher, muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta mutum-mutumi, wato irin amon da ya cika waƙoƙin finafinan Hausa daga baya. Aikinta shi ne ta saurari muryar, ta auna inda take, ta tura ta zuwa matakin sauti mafi kusa a cikin matakai goma sha biyu da kiɗan Turawa ya ginu a kansu. Idan an sassauta saurinta, gyaran yana shiga a hankali har kunne ba ya kama shi, kuma ana iya yin haka a kan dandamali kai tsaye.

Sai dai tana da iyaka, kuma sanin iyakar yana da muhimmanci ga tambayarka. Ba ta ba tsoho numfashin saurayi, ba ta mayar da dasasshiyar murya garau, ba ta kuma ƙara wa mutum ƙarfin huhu. Idan mawaƙi ya kauce da fiye da rabin tazarar da ke tsakanin mataki da mataki, sai ta ja shi zuwa matakin da ba shi ake nufi ba, kuskuren ya fito fili fiye da yadda zai fito da an bar shi. Ga kuma matsalar dandamalin rock, inda ƙarar ganguna da jita ke kutsawa cikin makirufon mawaƙi su rikita mata lissafi. Saboda haka mutumin da bai iya waƙa ba, wannan na'ura ba za ta rufa masa asiri na tsawon sa'a biyu a gaban jama'a ba. Wanda ya iya ne take share wa ƙananan tuntuɓe. Ni a ra'ayina, ko wannan ɗin ma ba na son sa a waƙar Hausa, domin muryar mawaƙanmu takan zame tsakanin matakai kamar yadda goge da algaita suke yi, kuma a cikin wannan zamiyar daɗin yake.

Batun baki da bai zo daidai da sauti ba, wanda ka ɗauka babbar hujja, shi ne mafi raunin hujjojinka. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa kusan nan take yake isowa. Duk wanda ya taɓa zama can saman filin wasa na Roumdé Adjia ya san cewa yakan ga ɗan wasa ya buga ƙwallo kafin ƙarar bugun ta iso kunnensa. Mutumin da ke tsaye mita ɗari daga lasifika zai ji muryar bayan kusan sulusin daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya sa baki da murya su rabu a bidiyo. Manyan allunan da ke nuna fuskar mawaƙi su ma suna da nasu jinkirin, sannan wayar da ta ɗauka da manhajar da aka tura bidiyon ta cikinta kowacce tana iya ƙara nata.

Na saurari bidiyon da na'urar kunne, kuma ga abin da ya bayyana gare ni. A baiti na biyu mutumin ya janye makirufo daga bakinsa yana miƙa hannu ga jama'a, muryar ta yi ƙasa nan take, ta dawo da ya maido shi. Kafin doguwar jimlar nan ana jin yadda ya ja numfashi, kuma ƙarshenta ya ɗan karye, ya yanke ta kafin inda take kaiwa a faifan asali. Faifan da aka naɗa a situdiyo ba ya yin waɗannan abubuwa. Na kuma gwada da faifan asali, na tarar an sauke waƙar ƙasa, wanda dabara ce sananniya ga mawaƙan da suka manyanta: a sauke kiɗan gaba ɗaya da mataki ɗaya ko biyu domin maƙogwaro ya kai inda ake so ba tare da wahala ba. Wannan kaɗai ya bayyana rabin abin da ya ba ka mamaki. Amma a wurin amshi labarin ya canza, domin 'yan amshi biyu ake gani a dandamali, kunne kuwa yana jin muryoyi da suka fi haka yawa, a jere cif kamar an auna da ma'auni. Wannan alama ce ta muryoyin da aka naɗa tun da farko ake sako su daga kwamfuta, ko na'urar da ke ɗaukar murya ɗaya ta haifar da wasu a samanta da ƙasanta. Hukuncina shi ne babbar muryar tasa ce, an yi mata kwalliya, an sauƙaƙa mata hanya, an kuma tallafa mata a wurin amshi.

Ko an cuci masu tikiti? A nan ne nake ganin ya kamata mu yi adalci ta hanyar duba abin da ya faru a baya. Ƙungiyar Queen ta Ingila tana da wata shahararriyar waƙa ta 1975 wadda tsakiyarta ke ɗauke da muryoyi masu yawan da mutum huɗu ba za su iya rerawa a dandamali ba. Idan an zo wurin, sai su sauka daga dandamali gaba ɗaya, a saki faifan, fitilu su yi ta wasa, sannan su dawo su ci gaba. Ba wanda ya ce sun yaudare shi, domin ba su tsaya suna motsa baki ba. A 2014, lokacin da 'yan ƙungiyar Red Hot Chili Peppers suka yi wasa a hutun rabin lokaci na Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, mutane sun lura jitocinsu ba a haɗe suke da komai ba, sai Flea, mai kaɗa jitar bes, ya fito ya bayyana cewa kiɗan naɗaɗɗe ne bisa sharaɗin masu shirya taron, muryar ce kawai kai tsaye, kuma da gangan suka ƙi saka wayoyin don kada su yi kamar suna kaɗawa. Sai ka kwatanta da mawaƙa biyu da ake kira Milli Vanilli, waɗanda faifansu ya maƙale yana maimaita jimla ɗaya a wani wasa a jihar Connecticut a 1989, daga baya mai shirya musu waƙa, Frank Farian, ya tona cewa ko a faifan ma ba muryarsu ba ce, aka ƙwace kyautar Grammy da aka ba su a 1990. Dukkansu sun yi amfani da abin da aka naɗa, amma na ƙarshen ne suka sayar wa mutane ƙarya. Ƙasar Sin ta ɗauki abin da zafi har ta haramta mamin, wato motsa baki a kan waƙar da aka naɗa, a wasannin da ake biyan kuɗin shiga, da tarar da ke iya kaiwa yuwan 100,000.

Bisa wannan ma'auni, mutanen da ke cikin bidiyonka sun samu mafi yawan abin da suka biya, wato dattijo yana rera waƙarsa da bakinsa a gabansu. Da ni ne shi, da na rage muryoyin amshin nan na bar jama'a su cike gurbin, domin a wasan rock amshin 'yan kallo ya fi na kwamfuta armashi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ƙanena, yana nan gida. Daga Ngaundere zuwa Kusiri har a tsallaka Injamena, abin da aka saba gani a bukukuwa shi ne mawaƙi ya iso da filashi a aljihu, ya miƙa wa mai mikisa, ya raɗa masa cewa a saki waƙar da muryarta duka, a rage masa makirufo, sai in zai ambaci sunan mai liƙi a ɗaga. Na san dalilan, kuma ba na raina su. Ɗaukar makaɗa biyar da kayansu daga gari zuwa gari yana cin kuɗin da mai biki ba zai biya ba, wuta tana iya ɗaukewa a koma kan janareto mai tari, kuma sau da yawa babu lasifikar da za ta mayar wa mawaƙi muryarsa, ga shi kuwa wanda ba ya jin kansa ba zai iya tsayawa kan kari ba. Duk da haka asarar da ake yi babba ce. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi yake tsayawa, ya hango mutum ya shigo fili ya saka shi cikin waƙa nan take, ya tsawaita baiti ko ya gajarta shi gwargwadon yadda taro ya karɓa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai yake riƙe jama'a. Filashi ba ya ganin wanda ya shigo, kuma matashin da ya saba jingina da shi ba zai taɓa koyon riƙe taro da muryarsa ba.

Shi ya sa duk mawaƙin da ya zo wurina nake roƙonsa ya kawo kiɗan zalla, ko da amshi a ciki, ya bar babbar muryar a bakinsa, ni kuma in ɗauki nauyin gyara masa ita iyakar iyawata. A biki, inda rawa aka zo yi kuma kowa ya san abin da ake ciki, ba na tsananta wa kowa. Amma wasan da aka buga takarda aka ce kai tsaye ne, aka karɓi jaka biyu ko biyar a bakin ƙofa daga hannun ɗalibi da ɗan acaɓa, to haƙƙinsu ne a rera musu, ko kuwa a rubuta a takardar cewa mamin za a yi, kowa ya shiga da saninsa.

Idan kana son ka tabbatar da batun mawaƙin naka da kanka, akwai hanyar da ta fi duk wani hasashe ƙarfi. Nemo bidiyon waƙar nan daga dare biyu daban-daban, a garuruwa daban-daban, waɗanda 'yan kallo suka ɗauka, domin wanda kamfani ya fitar ana iya gyara shi a situdiyo bayan wasa. Ka ɗora sautin biyun a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka jera su ɗaya a kan ɗaya daga farkon baiti. Ɗan Adam ba ya rera jimla sau biyu iri ɗaya sak, dole a samu bambanci a inda ya ja numfashi, da tsawon da ya ja wasali, da yadda muryar ta yi rawa a ƙarshen kalma. Idan ka ga sun bambanta a baitoci amma sun haɗu a amshi, to abin da na faɗa maka ne. Idan kuwa ka tarar sun hau kan juna daga farko har ƙarshe, har da numfashin, ka turo mini su mu saurara tare, mu sanar da jama'ar da suka karanta tambayarka.

Ka gaishe mini da mutanen Marwa.

Naka,
Yayanka mai aikin sauti, Garwa.